Layi Ɗaya da Irin Albasar Alhaji Mamman

An ce ba zai yiwu ba, kuma waɗanda suka faɗa ba maƙiyana ba ne. Abokan zamana na ƙofar gida a Dutsin-Ma, waɗanda muka yi ritaya kusan lokaci guda, sun ce mutumin da ya koyi rubutu da alƙalamin da ake tsomawa a tawada, ya kuma yi shekara talatin da biyar riƙe da alli, ba zai zauna gaban kwamfuta yana dab da cika saba'in ya koyi ba ta umarni da harshenta ba. Babban ɗana ya ce idona ba zai jure hasken gilashin ba. Taubashina Alhaji Mamman na Kurfi, wanda tun muna yara bai taɓa barin damar tsokanata ta wuce shi ba, ya ce in har na iya, shi kuma zai koma aji ɗaya ya zauna a kan benci. Na iya gwargwadon hali, shi kuwa har yau bai koma ajin ba. Amma ba don in yi alfahari da wannan na buɗe babin nan ba. Na buɗe shi ne domin ku 'ya'yana da jikokina kuna ba da labarin shekarar nan a karkace. Kuna cewa Baba ne ya gano kuskuren da ya gagari mai digiri. Na sha jin haka a bakinku a wurin suna da ɗaurin aure, in yi murmushi in ƙyale, domin maganar tana yi mini daɗi. Yanzu ina so in gyara ta tun ina da ƙarfin riƙe biro.

Sa'adatu ita ce autata. Sunan mahaifiyata na sa mata, saboda haka ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba, Uwata nake ce mata tun tana cikin zanen goyo. A shekarar da nake magana ta kammala karatun kwamfuta da hidimar ƙasa, ta dawo gida da wani ƙaramin akwati wanda bai kai girman kwanon sha ba. Burinta shi ne akwatin nan ya riƙa auna laimar ƙasa a lambu, in ƙasa ta bushe ya buɗe bawul ruwa ya gudana, in ta ƙoshi ya rufe, ba tare da mutum ya yini tsaye a rana yana gadin bututu ba. Ta zagaya wajen masu noman rani na gefen madatsar ruwa ta Zobe tana yi musu bayani. Sun saurare ta cikin mutunci, domin da yawansu sun bi ta hannuna a makaranta, amma babu wanda ya ce ta zo ta gwada a nasa. Mutum ɗaya ne ya amsa, shi ne Alhaji Mamman. Ko da yake zamansa a Kurfi yake yana cinikin hatsi, yana da lambu a can mai tanki da injin sola, an raba shi fangali huɗu. Ya ce ta shirya, in kaka ta wuce aka yafa iri sai ta zo. Sauran manoman suka ce za su zuba ido su ga abin da zai faru a lambun Alhaji, daga nan su yanke shawara. Sunanta da aikinta gaba ɗaya sun rataya ne a kan wannan gwaji guda.

Ni kuwa ritaya ta bar ni da safiya mai tsawo. Takan zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida bayan karin kumallo tana rubuta manhajar akwatin, ni kuma in jawo kujera in zauna kusa, da farko don hira, daga baya don tambaya. Na sayi littafin rubutu mai kauri, na ja masa layin gefe da rula shafi bayan shafi kamar yadda aka hore mu, na fara kwafe abin da take koya mini na harshen da suke kira C++. Hajiya, mahaifiyarku, takan wuce da tsintsiya ko da ƙwarya ta dube mu.

"Malam, yau ma ɗan makaranta ya fito da wuri? Ko a kawo maka kuɗin tara?"

"Hajiya, ki bar ɗalibi ya yi karatu."

"To Allah ya ba da sa'a. Sa'adatu, in ya ƙi ji ki sa shi kama kunne, ya sa 'ya'yan mutane sun kama da yawa."

Watanni huɗu muka yi a haka, kuma ban san wasu watanni da suka fi su daɗi ba tun da na ajiye aiki. Yarinyar da na koya wa ƙirga da tsinken ashana ita ce ke riƙe hannuna a kan madannai tana cewa a hankali, Baba, ba allo ba ne.

Dole in yi muku ɗan bayani a nan, domin a kan layi ɗaya komai ya faru. A cikin manhajar, kowane fangali yana da nasa kaya: lambarsa, yawan laimar da yake buƙata, da bawul ɗin da ke ba shi ruwa. Akwai wani sashe na rubutun da ke harhaɗa kayan nan duk lokacin da akwatin ya tashi aiki. Sa'adatu ta ce in riƙa kiransa magini, tunda aikinsa ke nan. Magini yana da kai, wato layinsa na farko, yana kuma da ciki, inda ake jera umarni ɗaya bayan ɗaya. Hanya biyu ake ba kayan fangali ƙimarsu. Ko dai a jera su a kan layin farko bayan wani ɗigo biyu, yadda kowane abu zai fito da cikakken kamanninsa tun a ginin farko, ko kuma a bari sai an shiga ciki a riƙa cewa wannan daidai yake da kaza, layi bayan layi. Ita hanya ta farko ta bi. Ni kuwa tun da na ɗora ido a kanta na ji ba ta kwanta mini ba. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa mataki ɗaya layi ɗaya, alamar daidai a ƙarƙashin alamar daidai, kuma ba a yin aiki a kan kanun shafi. Shekara talatin da biyar ina zabge makin duk yaron da ya saɓa wa wannan.

"Uwata, wannan cunkoson fa? Kin loda komai a kan layi guda kamar akori-kura ranar kasuwa."

"Haka aka fi so, Baba."

"Wa ya fi so? In an sauko da su ciki, an jera su kamar aikin mai hankali, wani abu zai canja?"

Ta yi dariya, ta ce bari in gani da idona. Ta rubuta ƙaramin misali mai lambobi biyu kacal, ta yi shi ta hanyarta, ta sake yin sa ta tawa, sannan ta miƙa su ga kampaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da na'ura ke ganewa. Ta nuna mini abin da ya fito. Iri ɗaya ne sak, babu ko harafi guda na bambanci.

"Ka gani, kampaila tana da wayo. In lamba ce tsura, ko ka zuba wata ka kwashe ka zuba wata, sai ta tsallake aikin banzan ta tafi kai tsaye. Amma Baba, in abin ba lamba ba ne, in yana da nasa maginin..."

Na ɗaga mata hannu. Na riga na ji abin da nake son ji.

"Shi ke nan, Uwata. Ke da bakinki kin ce duk ɗaya ne."

Ni da na kwashe rayuwata ina gargaɗin yara cewa misali ɗaya ba ya zama ƙa'ida, ni ne na ɗauki misalin lambobi biyu na mayar da shi doka. Ana saura mako guda a kai akwatin lambu, Sa'adatu ta tafi Katsina sayen sauran bawul uku, domin ɗaya kawai muke da shi a gida wanda muke gwaji da shi a kan bokiti. Ta bar mini aiki mai sauƙi, in rubuta bayani da Hausa a gefen layukan manhajar saboda wanda zai karanta a gaba. Na yi aikin, har na iso kan maginin fangali. Na daɗe ina kallon layin nan mai cunkoso. Daga nan na sauko da kayan ɗaya bayan ɗaya zuwa ciki, lamba, laima, bawul, na daidaita alamomin daidai suka tsaya a jere kamar sahun salla. Na gwada da bawul ɗinmu guda, ya buɗe ya rufe yadda ya saba. Ban gaya mata ba. Ban ɓoye don tsoro ba, jira nake ta gani da kanta ta ce Baba ya fi ni tsaftar aiki. Ita kuwa ba ta da dalilin sake buɗe sashen da ta gama tun watanni, hankalinta yana kan wayoyi da bututu.

Ranar Alhamis muka kai akwatin. A fangali na farko Alhaji Mamman ya yafa irin albasarsa, kwanansa goma sha biyu, ya fito siri-siri kamar allurai kore. Wannan iri ba na kasuwa ba ne. Daga mahaifinsa ya gaje shi, kowace shekara yakan zaɓi manyan 'ya'ya ya bar su su yi fure ya tara, kuma bai taɓa ba kowa ko cikin cokali ba, har ni. Manoma kamar goma suka taru a kan kunya suna kallo. Alhaji ya dube ni ya fara tsokanar da ya saba.

"Hedimasta, an ce kai ma da hannunka a ciki? To ni dai ɗiyata na ba lambu, ban ba bawana ba."

"Wa ye bawan wani? Kai da ka gudu daga aji uku saboda jadawalin bakwai?"

"Na gudu na tara buhu, kai ka zauna ka tara alli. Sa'adatu, kunna mu gani, ƙyale tsohon nan."

Ta kunna. Ƙasar irin ta bushe a lokacin, ruwa ya zubo mata a hankali, ya jiƙa ta, sannan ba tare da kowa ya taɓa komai ba muka ji ƙaramin sauti, ruwa ya tsaya. Wani dattijo ya ce ikon Allah. Alhaji ya cire hularsa ya sake sawa. Ya juya ga masu yi masa aiki ya ce gobe Juma'a kowa ya huta a gidansa, akwatin ɗiyarsa ya karɓi gadi. A hanyar komawa Sa'adatu sai murmushi take yi wa gilashin mota, ni kuma ina ta ba direba labarin yadda abin ke aiki kamar ni na ƙirƙiro shi.

Ranar Asabar da hantsi waya ta shigo daga lambu, muka garzaya can. Muka tarar da fangalin irin ya zama tafki. Ruwa ya yini yana zuba ranar Juma'a, ya kuma ci gaba da safiyar Asabar har mai aiki ya iso ya kashe injin. Rabin irin ruwa ya kwashe ya tara a gindin kunya, sauran yana kwance cikin taɓo, ya fara yin rawaya. Alhaji Mamman yana tsugune a bakin fangalin da babbar rigarsa, yana tsinto 'yan tsiron da yatsa yana ajiyewa a tafin hannu, ko da yake ya fi kowa sanin ba za su tashi ba. Da ya gan ni bai ce Hedimasta ba, bai ce bawana ba. Ya gaishe ni da sunana, yadda ake gaida baƙo. Sannan ya dubi Sa'adatu, ya yi magana a hankali.

"Ɗiyata, ba komai. Kwance kayanki ki tahi da su gida."

A bayana na ji wani yana cewa dama mun faɗa, wani kuma ya ce Allah ya sa ba a nawa aka fara ba. Ita da kanta ta ɗauki sukundireba ta kwance akwatin daga jikin turke. Ƙusa ɗaya ta faɗi cikin taɓo, ta durƙusa tana lalube. Na je zan taya ta, ta ce bar shi, Baba, kada rigarka ta ɓaci.

A gida ta shiga ɗakinta da kwamfutar da akwatin. Ni kuwa, ranar Litinin da safe, na yi abin da na iya tun da can. Na shimfiɗa tabarma a falona, na ɗauko kofuna huɗu na shayi na kifa su a jere a matsayin bawul huɗu, kifaffe a rufe, buɗaɗɗe a buɗe. Na buɗe littafina inda na kwafe manhajar, na zama ni ne na'urar, ina bin umarni layi layi ina juya kofi. Sau biyu na bi ban ga komai ba. A na uku na tuna maganar da na katse mata, cewa in abu yana da nasa maginin. Na koma shafukan baya na nemo maginin bawul. A can na ga wani ɗan sashe da ta rubuta tun farkon aikin saboda gwaji: in aka gina bawul ba a ba shi lamba ba, sai ya ɗauki lamba ɗaya ya buɗe ta, don ta ji ƙarar ta san waya ta haɗu. A tsarinta na layin farko ba a taɓa gina bawul babu lamba ba, saboda haka sashen nan yana kwance ba ya motsi. A nawa tsarin kuwa, kafin a shiga ciki a ce bawul daidai yake da kaza, dole sai an fara gina shi haka nan babu lamba, sannan a canja shi.

Na sake bi da kofuna. Fangali na ɗaya: aka gina bawul babu lamba, kofi na ɗaya ya buɗe, aka ba shi lambarsa, ya rufe. Lafiya lau, kuma iyakar abin da na gwada a kan bokiti ke nan. Fangali na biyu: aka gina nasa babu lamba, kofi na ɗaya ya sake buɗewa, aka ba shi lamba biyu, ya tafi ya rufe kofi na biyu, ya bar na ɗaya a buɗe. Haka na uku, haka na huɗu. Shi kuwa fangali na ɗaya a lissafinsa a rufe yake, ƙasarsa kuma jiƙaƙƙiya ce tun Alhamis, ba shi da dalilin sake taɓa bawul ɗinsa. Akwatin da hasken rana yake aiki, yakan kwanta da faɗuwarta ya tashi da fitowarta, kuma duk tashi sai ya sake wannan gini. Ranar Alhamis bushewar ƙasa ce ta rufa mini asiri, domin fangalin ya nemi ruwa da kansa ya kuma rufe da kansa. Kampaila ba ta yi kuskure ba. Tana tsallake abin da babu wanda zai ga bambancinsa ne kawai. Buɗe bawul kuwa abu ne da ke fita daga na'ura ya taɓa ƙasa da ruwa, ba ta da ikon share shi, sai ta yi yadda na rubuta. Na zauna ina kallon kofi na ɗaya a buɗe a kan tabarma har aka kira azahar.

Daga wannan Litinin na yi kwana tara ban kai maganar inda ya kamata ba, kuma wannan shi ne abin da ba ku sani ba. Na gaya wa kaina cewa ai ita ma ta bar sashen gwaji a ciki. Na gaya wa kaina cewa iri ya riga ya tafi, magana ba za ta dawo da shi ba. Gaskiyar ita ce ina tuna yadda mutanen nan ke miƙewa tsaye in na iso wuri, masu furfura a cikinsu suna ce mini Malam suna rusunawa, ina kuma tuna dariyar da Mamman zai yi har ƙarshen rayuwarmu. A cikin kwanakin nan maganar ta zaga gari. A masallaci wani ya jajanta mini, ya ce yaran yanzu sai haƙuri, karatun takarda ne kawai. Na amsa da to, Allah ya kyauta. Da wannan bakin na amsa. Sa'adatu tana fitowa ta gaishe ni kamar kullum, ta kawo mini ruwan alwala, ni kuwa na kasa ɗaga ido in dube ta. Hajiya ce ta fara tare ni, wata rana da ta zo ɗaukar kwanon abinci ta tarar ban ci rabi ba.

"Malam, tuwon nan bai yi maka laifin komai ba."

"Ba na jin yunwa ne."

"Shekara arba'in da biyar ina zaune da kai. Mako guda ke nan ban ji ka ce Uwata ba, sai dai ke, zo nan, ke, ɗauki wancan. Ita ce ta yi ɓarna, amma kai ne ke sunkuyar da kai in ta shigo. Ni ban yi boko ba, amma wannan lissafin bai fita ba."

Ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon a hannu.

"Ta sa akwatin a kwali ta ɗora saman sif. Ta ce in yayarta ta samo mata aikin ofis a Kano za ta tafi. Na dai gaya maka."

Washegari Talata, bayan karin kumallo, na kira ta inuwar darbejiya. Na sa ta zauna a kujerata, ni na zauna a tata. Na shirya jawabi mai tsawo, amma abin da ya fito gajere ne. Na ce mata ranar da ta tafi Katsina na sauko da layin maginin fangali zuwa ciki, kuma shi ya kashe irin Alhaji. Na ce na sani tun Litinin ta makon jiya. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta.

"Na gani tun ranar Lahadi, Baba."

"Wace Lahadi?"

"Washegarin da muka dawo da akwatin. Ina buɗewa na ga alamomin daidai a jere. Babu mai jera su haka sai kai."

"Uwata, kin sani kwana tara? Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? In tsaya gaban Baba Alhaji da mutanen da ka koyar in ce ubana ne? Ni yarinya ce, in an yi mini dariya bana, baɗi an manta. Kuma ni ma da laifina, ban cire abin gwajin ba, ban sake dubawa ba kafin mu tafi."

"Naki a kwance yake, ni na tashe shi."

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika, amma tana ƙoƙarin murmushi.

"Amma fa ya yi kyau a ido, Baba. Wallahi ya fi nawa tsari."

A nan ne na kasa riƙe kaina. Mahaifiyata, wadda take ɗauke da sunanta, haka take, takan ɗauki laifin gida ta ɗora a kanta don kada a ji kunyar wani. Hajiya tana bakin madafa tana jin mu, sai ta shiga ta fito da babbar rigata ta shadda, wadda nake sawa ranar Idi, ta shanya a igiya ta sha iska.

Ranar Laraba na sa rigar. Na biya ta gidajen mutum biyu daga cikin manoman da suka ga ɓarnar da idonsu, dukansu tsofaffin ɗalibaina, na roƙe su su raka ni Kurfi, domin abin da aka yi wa yarinya a gaban jama'a ba a gyara shi a cikin ɗaki. Sa'adatu ta so ta hana ni, na ce ta shiga mota. Muka tarar da Alhaji Mamman a rumfarsa ta hatsi da mutane kusan goma sha biyar. Bayan gaisuwa na aika wajen mai shayi aka aro mini kofuna huɗu. Na durƙusa a kan tabarma da rigar Idi, na kifa su, na yi darasin da ya fi kowane wuya a rayuwata. Na nuna musu yadda ta tsara, kofi na ɗaya bai motsa ba. Na nuna musu yadda na canja a bayan idonta, kofi na ɗaya ya tsaya a buɗe. Na ce akwatin Uwata bai yi ƙarya ba, ni ne na sa hannu a abin da ban gama fahimta ba saboda ina ganin tsarina ya fi, kuma ta sani ta rufa mini asiri, ni ma na sani na bari ana zaginta. Ɗalibaina biyu suka dubi ƙasa. Alhaji ya daɗe yana kallon kofunan, sannan ya miƙa hannu ya kife na ɗayan.

"Hedimasta. Ashe kai ne ka ci mini albasa."

"Ni ne."

"Shekara sittin ina jiran ranar da za ka faɗi jarrabawa, sai da ta zo a kan irin babana." Ya girgiza kai, dariya ta ƙwace masa, har da hawaye, ban san na wanne ba ne. "Bawana, tashi, kana ɓata shadda. Tashi mana."

Ya shiga cikin shago ya fito da wani gwangwanin madara da aka ɗaure bakinsa da tsumma. Ya ce abin da ya rage ke nan na irin, ya ɓoye shi ne saboda ɓacin rana, kuma ya yi niyyar ba zai yafa shi ba sai baɗi. Ya wuce ni ya miƙa wa Sa'adatu.

"Ɗiyata, gobe ki maido akwatinki. Ke za ki yafa wannan, ke za ki ba shi ruwa. Sharaɗi ɗaya: tsohon nan ko inuwar kwamfutar kada ya taka."

Ta karɓa da hannu biyu ta durƙusa. Da muka koma gida ta mayar da layin kan maginin yadda yake, ta cire sashen gwajin, ta haɗa bawul huɗun duka a tsakar gida ta kashe ta kunna har sau ashirin, ni ina zaune nesa a kan kujera kamar yadda aka yanke mini. Albasar Alhaji ta yi latti a shekarar, ba ta kai yawan da ya saba samu ba, amma irin mahaifinsa bai yanke ba. Manoma uku suka karɓi akwatin kafin rani ya fita. Wasu biyu har yau ba su yarda ba, kuma ina ganin da na yi magana da wuri, kafin zancen ya zauna a zukata, da sun yarda. Sa'adatu ba ta tafi Kano ba. Ni kuma akwai waɗanda tun daga ranar ba su ƙara miƙewa in na iso ba, sai dai su gaishe ni daga zaune, kuma ban ga laifinsu ba.

Wanda zai kwafe littafin nan bayan raina, ya rubuta ranar da na je Kurfi yadda take, kada ya gyara mini ita: Laraba, goma sha ɗaya ga watan Jimada Awwal, a shekarar da na cika saba'in. A ƙarƙashinta kuma ya rubuta cewa biyu ga wata ya kamata ta kasance, Litinin ɗin da na gano laifina.